Rakiyar da Na Nema Zuwa Gwajin Mama a Kano

Ga waɗanda muka taru a tashar Ajingi ranar nan. Ni, Hansai ta Toranke. Sai Ya Falmata mai turaren wuta, Babarbariyar da katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Sai Tasalla, matar mai awon gyaɗa. Sai direbanmu Ɗanjuma, da zabuwa guda da na riƙo tsaraba. Akwai wadda za mu ɗauka a Gaya, 'yata ta fari da ke aure a Balan. Ba za ku ji sunanta a nan ba. 'Yar Balan nake ce mata, ku ma haka za ku ji.

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wurin suna, wurin gaisuwar mutuwa, har bakin famfo: "Iya Hansai, da gaske maza ne ke dubawa?" "Iya Hansai, an ce injin yana yanka?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na sa aka rubuta daga bakina. Abin da ya shafi 'Yar Balan kuwa, sai da ta yarda na faɗa.

A rediyo aka fara sanarwa, cewa wani babban asibiti a Kano zai duba maman mata kyauta saboda ciwon daji. Ma'aikaciyar asibitinmu ta maimaita mana a gidan suna, mata suka yi caa, kowa za ta. Da rana ta matso sai aka fara zamewa. Wannan mijinta ya ce ba ƙaton da zai kalle masa mata. Waccan gyaɗarta na shanye a gona, ba mai tsinka. Wata ta ce ita lafiyarta ƙalau, don me za ta je a tono mata abin da ke barci.

Ni ba rediyo ne ya tashe ni ba. 'Yar Balan ta zo taya mu aikin gyaɗa, ni kuwa ba na magana amma ina gani. Na ga ta koma ɗaga taɓarya da hannun hagu. Na ga autanta ya faɗo mata a ƙirji ta cije leɓe. Da ta shanya rigarta na ga tabon ƙullin magani a ɓangaren dama, irin wanda ake kwaɓawa a shafa. Na san tabon nan. A rigar ƙanwata na fara ganinsa, ita kuwa ta ɓoye nata har ya fashe, ba ta ga wata kakar ba.

To amma ta ina zan tambaya? Mu gidanmu akwai jinin Fulani. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a kallon idonsa, ba a cewa ina ke maka ciwo. Tun da aka yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta, "Iya" take ce mini kamar sauran yaran unguwa. Sai na aika Balan cewa zan je Kano a duba ni, ina neman rakiya. Ban yi ƙarya ba, zuwa zan yi a duba ni ɗin. Kuma na san ba mijin da zai hana matarsa raka uwarta asibiti. Malam Idi, mijinta, ya ce ta tafi.

Motar Ɗanjuma ta cika da buhunan gyaɗa fiye da mutane. Ya Falmata ta shigo da ƙamshinta kamar amarya, ta dubi zabuwar da ke cinyata ta ce, "Bafillatana ke nan. Ko Makka za ki sai kin tafi da dabba."

Na ce, "Gara ni da na riƙo abin ci. Ke hayaƙi za ki kai musu?"

Haka muka yi ta yi har Gaya, Tasalla na dariya tana jan carbi.

A tashar Gaya muka sami 'Yar Balan tsaye da ƙullinta. Ta durƙusa ta gaishe ni tana kallon ƙasa, na amsa ina kallon mai rake. Muna jiran mota ta ƙara cika sai wata mai awara ta ji inda za mu, ta ajiye matsaminta ta matso. Wai matar yayanta ta je irin wannan, aka huda ta da allura, shi kuwa daji ba ya son ƙarfe, yana jin ƙarfe sai ya watsu. Ta faɗa da kai da ido, har awararta ta ƙone. Can sai Tasalla ta ce bari ta kewaya ta dawo. Na ga ta ɗauki ƙullinta. Mai kewayawa ba ta ɗaukar ƙulli. Ba mu sake ganinta ba, ashe motar Ajingi ta faɗa.

Na saci kallon 'Yar Balan, na ga fuskarta ta sauya, hannunta na kan nata ƙullin. Sai na ce wa Ya Falmata ƙafata na sagewa, a bar ni bakin ƙofa. Aka tura yarinyar can jikin taga, Ya Falmata a tsakiya, ni na tare hanya. Ban saki ajiyar zuciya ba sai da Ɗanjuma ya ja mota.

A Wudil na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, ga gada mota na tafiya a kanta kamar a ƙasa, ga masu soyayyen kifi na bin mu da gudu. Dab da gadar akwai shinge. Wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Su Mama, ina zuwa?"

Muka dubi juna. Wa zai buɗe baki ya gaya wa namiji, a gaban fasinja, abin da za a duba mana?

Ya Falmata ta ce, "Biki, ɗan nan."

"Bikin wa?"

Ta nuna ni. "Na wannan tsohuwar. An samu wanda ya taimaka."

Mota ta kwashe da dariya. Na juya zan rama, igiyar ƙafar zabuwa ta kwance, ta yi fiffike ta fice ta taga ta kan hular mutumin. Sai ga mai kaki da Ɗanjuma da masu kifi ana zagaye mota ana "tare nan, tare can!" Shi mai kakin ya kamo ta, ya miƙo mini yana haki ya ce, "Amarya, ga gudummawata." Har 'Yar Balan sai da ta rufe baki da mayafi tana dariya, kuma ita ce dariyarta ta farko tun Gaya.

Kano kuwa, jama'a! Hanya a sama, hanya a ƙarƙashin ƙasa. Da Ɗanjuma ya nufi wani rami na ɗauka birki ne ya tsinke, na fara salati, ashe hanyar ce haka. Daga tasha muka shiga adaidaita sahu zuwa Hotoro, gidan Sani ɗan ƙanena. A bene suke, maƙwabta ƙofa da ƙofa amma ba mai leƙo wani. Mu a Toranke baƙo ya sauka, kafin ya cire takalmi kwanuka sun fara shigowa. Nan har muka kwana ba wanda ya ce mana sannu da zuwa. Matar Sani, Maman Walid, yarinya ce mai fara'a. Ta murɗa wani abu wuta ta kama, ba ice ba hayaƙi, ta dafa mana taliyar nan mai lanƙwasa da ƙwai. Na ce wannan abincin yara ne. Na cinye, ta ƙara mini. Zabuwa kuwa ba ta san yadda ake fige ta ba, sai da Ya Falmata ta naɗe hannun riga. Banɗakinsu a cikin ɗaki yake, da kujera fara a ciki. Ni dai ban saki jiki da ita ba.

Abin da ya fi gadar sama ba ni mamaki shi ne bakin Maman Walid. Muna cin abinci, mijinta na zaune, ta ce ai ita duk wata idan ta yi wankan tsarki sai ta tsaya gaban madubi ta lalluba mamanta da hammatarta. A gabansa! Na jira ya tashi ya fita. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Gwaggo, ai ni nake tuna mata." Ya Falmata ta taka mini ƙafa. Mu a wurinmu mace za ta haifi 'ya'ya goma da mutum ba ta taɓa furta kalmar nan a gabansa ba.

'Yar Balan ba ta ci abin kirki ba. Bayan mun yi sallah tana ninke sallaya, ta juya wa bango fuska ta ce, "Iya, ina ne yake miki ciwo?"

Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi mini tambaya irin wannan ba. Ashe duk hanyar nan da tsorona take tafe a kan nata. Ni ma na dubi bangon na ce, "Likita zai faɗa."

Da safe muka ƙi karyawa, don mun ji an ce ba a cin abinci kafin gwaji. Ya Falmata kuma ta yi wanka da humra, ta bulbula hoda har hammata, wai kada 'yan birni su raina ta. Sani ya kai mu har ƙofar asibiti. Mata maƙil, wasu da niƙabi, wasu da wando, wasu Kiristoci da gashinsu a waje, duk kan benci ɗaya. Nas ɗin da ke tsara layi ta shaƙi Ya Falmata ta ce, "Mama, hodar nan sai an goge, tana ɓata hoto." Aka ba ta tsumma jiƙaƙƙe. Na ce, "Kin ga, tun ba a duba ki ba an gano ciwonki." Da muka ce ba mu karya ba, nas ta yi dariya ta ce wannan gwajin ba ruwansa da ciki. Sai ƙosai muka saya a tsaye.

Muna kan layi wata mata mai jiki ta miƙe gabanmu, ba ma'aikaciya ba ce. Ta bugi ƙirjinta na hagu ta ce, "Ku dube ni da kyau. Wannan auduga ce. An cire, ban mutu ba, na aurar da 'ya'ya bayan nan, ga maigidana can ƙarƙashin bishiya riƙe da jakata." Muka leƙa, ga shi kuwa, dattijo da jakar mata a cinya yana cin gyaɗa. Ta ce ita da wuri ta zo, kuma da yawa ma ba a kai ga cirewa. Mata suka yi ta jefa mata tambaya tana amsawa da raha. 'Yar Balan kuwa ba ta ɗauke ido daga dattijon nan ba.

Da aka kira ni na ce a bar yarinyar nan ta shigo ta riƙe mini mayafi. To masu tambaya ku ji: ɗakin mata ne zalla. Nas mace, mai injin mace, likita mace. Na tuɓe riga a gaban 'yar fari, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Ta kau da kai, ni kuwa so nake ta gani. Nas ta lalluba ni da tafin yatsu, a zaune da a kwance, har hammata. Sannan aka kai ni ga injin. Ba ya yanka. Faranti biyu ne, a ɗora mama a tsakani su matse, kamar yadda muke matse tunkuza a fitar da mai. Da zafi, ba zan ɓoye ba, amma kafin ki gama salati an saki. Na ce wa mai injin, "'Yar nan, kin makara, man nan an daɗe da tatse shi." Ta yi dariya har ta dafa bango.

Ina ɗaura zani sai nas ta dubi 'Yar Balan ta ce, "Ke fa, Hajiya? Tunda kin shigo."

Ta ce, "A'a, ni rakiya na zo."

Ta ajiye mini mayafi a kan gado ta nufi ƙofa. Hannunta har ya kai labule. Na san idan ta fita ɗakin nan ba mai sake dawo da ita.

Sai na kira sunanta. Sunan yanka, wanda liman ya raɗa mata, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Ya Falmata da ke jiran layi bayan labule ta ce, "La'ilaha illallahu!" da ƙarfi. Nas ta dube mu, ba ta san me ya faru ba, ita dai ta ji uwa ta kira 'yarta. Yarinyar ta tsaya cak, ta juyo, muka haɗa ido.

Na ce, "Na dama ne. Na ga taɓarya, na ga tabon riga. Ni ba abin da ke damuna. Zauna."

Ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba ba sauti. Ta cire rigar da kanta.

Likita ta zo, 'yar siririya da tabarau. Ta taɓa, ta shafa wani abu mai sanyi, ta bi wurin da wani ɗan ƙarfe mai igiya, hoto na fitowa a talabijin. Ta nuna mana wani duhu kamar ƙwayar gurjiya. Ta ce ƙullutu ne, amma ido ba ya raba mai illa da marar illa, kuma yawancin irinsa ba daji ba ne. Sai an ɗebi ɗan kaɗan da allura an kai ɗakin gwaji. Ta ce fatar wurin lafiya, a hammata ma ba ta ji komai ba, ko ma mene ne gara yanzu da baɗi.

'Yar Balan ta ce, "An ce ba ya son ƙarfe."

Likita ta ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Mai awara."

Likita ta yi murmushi ta ce allura ba ta watsa shi, zama da shi ne ke ba shi lokaci. Ta ce za a iya yi yau ma. Yarinyar ta girgiza kai.

"Malam bai sani ba."

Nan na yi sororo. Duk zatona ya sani, shi ya hana ta asibiti ya haɗa ta da mai magani. Har na riƙe shi a zuciya. Ashe a ɓoye take shafa maganin, a ɓoye take wanke rigar. Likita ta ce yardarta ita kaɗai ta isa. Yarinyar ta ce ina, ba za a huda ta a bayan idonsa ba, kuma ba za ta iya gaya masa ba. "Da wane baki zan fara? In ya ji, da wane ido zai dube ni?" Aka yi juyin duniya ta ƙi. Likita ta ce to, ƙofa a buɗe take har ƙarshen mako, amma ta ga mata da yawa da suka ce za su je su yi shawara ba su dawo ba. Da ta faɗi haka ni ta kalla.

Ni da Ya Falmata an ce ba a ga komai ba, mu dawo idan lokaci ya zagayo. Ya Falmata ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti har mai gadi ya leƙo. A hanyar dawowa ta saya mana kifin Wudil, tana ba duk motar labarin injin, tana kwatantawa da tafin hannu, ita da jiya ta ce biki za mu. Wata matashiya a baya ta yi ta tambayar kwatancen wurin. A Gaya 'Yar Balan ta sauka. Na ce wa Ya Falmata ta tambaye ta ko za ta gaya masa. Yarinyar ta ce, "In Allah ya so." Na san irin wannan amsar.

Washegari ina idar da sallar asuba na hau babur zuwa Balan. Gidan nan ban taɓa taka shi ba. Ko sunan jikokina a maƙwabta nake sauka, kuma ni da Malam Idi in mun hango juna a hanya kowa sai ya sauya lungu. Na same shi a ƙofar gida yana ɗora buhunan gyaɗa a amalanke. Yana ganina ya saki buhu, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna ya juya fuska ga shanu.

"Iya? Lafiya? Rasuwa aka yi?"

Na ce, "Ba a yi ba. Ita na zo hanawa."

Na tsaya ina kallon katanga na gaya masa duka, da sunan wurin da ciwon yake, ban sakaya ba. Na gaya masa abin da likita ta ce da abin da ake jira. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Ka tambaye ta. Amma a mota."

Ya miƙe ya shiga gida ba takalmi. Na ji shi daga waje yana cewa, "Haba ke kuwa! Haba! Ni kike ɓoye wa? Ɗauko mayafinki." Ya fito ya kwance shanun, ya bar wa ƙanensa gyaɗar a nan ƙofar gida. Ya ce, "Iya, ki shiga ki sha ruwa."

Na ce, "Motar Kano ba ta jiran mai shan ruwa."

A tashar Gaya kujera ɗaya ta rage mai cin mutum uku, can baya. Muka shiga. Ni na juya ina kallon tagar hagu, shi ya juya yana kallon ta dama, ita a tsakiyarmu da ƙullinta a cinya, mota ta ɗauki hanyar Wudil.